JINYAR AJALI A UNGUWANNIN TALAKAWA: Yadda Marasa Galihu Ke Cikawa Cikin Azaba a Birnin Kano

Daga Wakilinmu a Kano

Duk wanda ya zauna a birnin Kano ya san yadda unguwa take tashi tsaye idan aka yi rasuwa. Da an sallame sallar Asuba liman ya sanar. Kafin hantsi ya dubi ludayi samari sun saɓi diga da shebur sun nufi maƙabarta, wani ya tafi ya yanko alawayyo, tela ya ɗinka likkafani, an ɗauko makara daga masallaci, mata kuwa sun cika gida. Maƙwabta su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kwanukan abinci su riƙa fitowa daga gidajen da su kansu ba su san abin da za su ci gobe ba. Ba mai tambayar ko mamaci ya bar dukiya. Cikin 'yan sa'o'i an yi masa sutura an kai shi makwancinsa cikin mutunci, ko attajiri ne ko ɗan dako.

Amma akwai wata tambaya da ba a cika yin ta a wurin zaman makoki ba. Wata uku ko wata shida da wannan bawan Allah ya yi a kwance kafin ranar, cikin wane hali ya yi su? Ya sami barci da dare, ko kuwa nishinsa ne ya riƙa hana 'yan gida runtsawa? Wa ya wanke masa gyambo, wa ya ba shi maganin da zai kashe masa zogi? Amsar waɗannan tambayoyi, in an bi diddigi, ba ta rataya ga irin cutar kaɗai ba. Ta rataya ƙwarai ga unguwar da gidansa yake.

MECE CE JINYAR SASSAUCI?

Akwai cututtukan da kan kai matsayin da likita ya san ba sauran warkewa, sai dai wani iko na Allah. Cikinsu akwai ciwon daji da ya bazu a jiki, da ciwon ƙoda ko na hanta da ya yi nisa, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki mai tsanani. Rashin warkewa kuwa ba ya nufin aikin likita ya ƙare. Sauran aiki shi ne a rage wa majinyaci zafin ciwo, a tsayar masa da amai, a sauƙaƙa masa numfashi, a kiyaye fatarsa daga gyambon da doguwar kwanciya ke haifarwa, a kwantar masa da hankali shi da iyalinsa. Wannan fanni shi ne jinyar sassauci.

Wata Baturiyar Ingila mai suna Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ita ce ta kafa harsashin wannan fanni a zamanance, yayin da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan cikin 1967. Ta koyar da abu biyu da har yau ake aiki da su. Na ɗaya, a ba da maganin zogi bisa ƙa'idar lokaci, kada a jira sai majinyaci ya fara kururuwa. Na biyu, wahalar mai ciwon ajali ba ta jiki kaɗai ba ce, akwai ta zuci, da ta tunanin iyali, da ta tsoron gamuwa da Ubangiji. A 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri cewa wajibi ne ƙasashe su shigar da wannan jinya cikin tsarin kiwon lafiyarsu tun daga matakin farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ke bukatar irin wannan kulawa kowace shekara, kuma kashi 78 cikin 100 nasu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Kimanin kashi 14 cikin 100 ne kacal ke samun ta. A Nijeriya, ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna mutum fiye da 127,000 sun kamu da ciwon daji a wannan shekara, fiye da 79,000 kuma sun rasu. Mafi yawansu ba sa isa asibiti sai ciwo ya ci jiki, watau lokacin da sassauci ne kaɗai ya rage.

BIRNI ƊAYA, DUNIYA BIYU

Tun a 1971 wani likita mai suna Julian Tudor Hart, wanda ya yi aiki cikin masu haƙar kwal a yankin Wales na Birtaniya, ya lura da wani abu ya rubuta shi a mujallar likitoci ta Lancet. Abin da ya gano shi ne, inda jama'a suka fi bukatar kyakkyawar kulawa, nan ne ta fi ƙaranci, kuma wannan juyin waina ya fi tsanani a wurin da aka bar sha'anin lafiya a hannun ciniki. Wanda ya zaga birnin Kano da idon basira zai ga gaskiyar maganarsa ba tare da ya buɗe littafi ba.

Tun zamanin Turawa aka shata Nassarawa da Bompai da faffaɗan tituna da magudanan ruwa da manyan filaye. A irin waɗannan unguwanni da sababbin rukunan gidajen da suka biyo bayansu ne asibitocin kuɗi masu ƙwararrun likitoci suka fi yawa, haka kuma manyan kantunan magani. Nan ne likitocin kansu suke zaune. Dattijon da ciwo ya kwantar a can yana da ɗaki nasa shi kaɗai, ana iya ɗauko masa nas ta zo gida safe da yamma, mota tana ƙofar gida in dare ya yi tsanani, kuma cikin dangi ko abokan 'ya'yansa ba a rasa wanda zai ɗaga waya ya kira likita kai tsaye.

A ɗaya gefen kuwa akwai lungunan cikin ganuwa, da unguwannin da suka tsiro a gefen gari ta hanyar awon igiya tun daga shekarun 1970, lokacin da fari da neman aikin masana'antu suka kwararo da mutanen karkara birni. Sassa da dama na Kurna, da Bachirawa, da Rimin Kebe, da Ɗorayi, da Sheka, an gina su ba tare da an bar hanyar mota ko filin asibiti ba. Gida na jingine da gida, kwata na bin tsakiyar lungu. Binciken talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 133 ne matalauta a Nijeriya, watau kashi 63 cikin 100, kuma miliyan 86 daga cikinsu suna Arewa. Ko a birane, mutum 42 cikin kowane 100 suna cikin wannan hali. Ba a warwatse suke ba, a cunkushe suke a irin waɗannan unguwanni.

Abin lura a nan shi ne, talaucin unguwa ya wuce talaucin mutum ɗaya. Talakan da ke zaune kusa da masu hali yana cin albarkacin titinsu, da wutarsu, da motarsu, da sanayyarsu. Amma wanda ke zaune inda kowa talaka ne, in ya fita neman rance duk ƙofar da ya buga irin tasa ce. Ko ƙaramin ma'aikacin gwamnati mai albashi, in gidansa na ƙuryar lungu, matsalar hanya da ta ruwa da ta wuta ba ta ƙyale shi ba.

DAGA LUNGU ZUWA GADON ASIBITI

A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara sittin, mai sana'ar faci ko dako, wanda ciwon daji na mafitsara ya kama har ya shiga ƙashi. Ba ya iya tsayuwa, taɓa shi ma azaba ce. In za a kai shi asibiti, sai ƙarti biyu ko uku sun ɗauke shi a tabarma, ko a baro, sun ratsa lungu sun tsallake kwatoci har bakin titi. A can a yi shatar A Daidaita Sahu, domin ba zai iya zama cikin cunkoson fasinja ba. Kowane rami a kan hanya sai ya ji shi har ƙwaƙwalwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin wannan shata ya ninka, kuma zuwa da dawowa ne.

In an isa, sai layin kati, da layin ganin likita, da kuɗin gwaji, da na hoto. In an ba shi gado, tilas wani ya bar sana'arsa ya tare a asibiti, domin a al'adar asibitocin ƙasar nan mai jinya ne ke sayo magani da ruwan ƙari da safar hannu, shi ke kawo abinci, shi ke wanki, shi ke nemo wanda zai ba da jini. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata da iyalansu yake fitowa. Gidan da ke cin abin da aka samo yau, ranar da mai nema ya wuni a asibiti ba a ɗora tukunya.

Lissafin masu ciwon ƙoda ya isa misali. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wankin ƙoda daga Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. Wannan sauƙi ne babba, ba shakka. Amma majinyaci na bukatar wanki sau biyu ko uku a mako. Ko sau biyu aka ɗauka, cikin mako huɗu ya kama Naira 96,000, ban da magunguna da kuɗin mota, alhali mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a 2024 Naira 71,000 ne. To, ina ga wanda ba shi da albashi sam?

Inshorar lafiya ita ya kamata ta toshe wannan giɓi. An ƙaddamar da shirin na tarayya a 2005, dokar 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa tare da tanadin asusu don marasa galihu. Jihar Kano ma tana da nata shirin taimakekeniyar lafiya. Sai dai waɗanda suka fara cin moriyar waɗannan shirye-shirye su ne masu albashi, domin su ake iya cire wa kuɗi kai tsaye. Ko a cikinsu, tsarin tarayya na ma'aikata ya ƙunshi ma'aikaci ne da abokin aurensa guda da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Tsoho da tsohuwa, waɗanda su ne suka fi kusa da jinyar ajali, ba sa cikin wannan lissafi sai da ƙarin biya. Ma'aikata da yawa sun san ɗacin wannan: kati na aljihu, mahaifiya na kwance a gida.

Saboda haka ne ake yawan jin an ce an sa hannu an ɗauke majinyaci, ko a ce ai ciwon ba na asibiti ba ne. Sau da yawa wannan magana sutura ce kawai da iyali ke rufe rashi da ita. An riga an sayar da akuya, da keken ɗinki, da kayan ɗakin matar gida, wani lokaci har da gonar gado a ƙauye. Abin da ya rage sai a koma gida a ci gaba da addu'a.

ƊAKI GUDA, JINYA DA KWANA DA GIRKI

Komawa gida ba aibu ba ne. Mutane da yawa sun fi son su cika a ɗakinsu, cikin iyalinsu, inda za a laƙƙana musu kalmar shahada. Ko game da watan Afrilu na 2020, lokacin da mace-mace suka yi yawa a Kano, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana daga baya cewa daga cikin mutum 979 da aka ƙidaya a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kimanin kashi 56 cikin 100 a gida suka rasu, kashi 38 kuma a asibiti. Lalle wancan lokaci na kulle ne da annoba, amma ya nuna a fili inda mutuwa ta fi samun mutane. Matsalar ita ce, daga ranar da majinyaci ya bar asibiti, tsarin kiwon lafiya ya rabu da shi ke nan. Ba mai biyo sawunsa.

Ga kuma irin gidan da ya koma. A gidan haya na unguwar talakawa, ɗaki ɗaya ne wurin kwanan miji da mata da yara, banɗaki ɗaya kuma na mutum ashirin ko fiye. Majinyacin da ba ya riƙe fitsari yana bukatar wanki sau da yawa a yini, ruwan kuwa sai an saya jarka-jarka a wurin 'yan garuwa. Famfas na manya da auduga da bandeji duk kuɗi ne. A bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin kan koma tamkar tanderu. Tun da aka raba masu amfani da lantarki rukuni-rukuni, aka ƙara wa 'yan rukunin farko kuɗi a 2024 bisa alkawarin wutar sa'a 20 a yini, unguwannin da ba su cikin wannan rukuni sukan daɗe ba su ga wutar da za ta juya fanka ba, balle ta riƙe na'urar taimakon numfashi.

Nauyin jinya kuwa a kan mata yake sauka. Matar gida ta daina 'yar sana'arta ta ƙosai ko kitso, 'yar da ke makarantar sakandare ta daina zuwa don ta taya uwarta. Ba wanda ya koya musu yadda ake juya majinyaci kowane sa'a biyu don kada bayansa ya ɓare, ko yadda ake kula da robar fitsari, ko yadda ake ba da ruwa ga wanda haɗiya ta gagara. Suna yi ne da ƙauna da haƙuri, amma cikin duhu. Macen da ciwon daji na mama ya fashe mata, wari kan sa a keɓe ta, masu dubiya su rage zuwa, ita kuma kunya ta hana ta magana, alhali akwai magani mai araha da ake barbaɗawa a kan irin wannan gyambo ya kashe warin.

Inda likita bai isa ba, wasu ne ke cike gurbinsa. Akwai mai kemis na bakin lungu, da mai tallar magani da lasifika, da wanzami mai sakiya. Tsohuwar maganar nan da ake yi cewa daji ba ya son allura ta sa an ɓoye dubban majinyata a ɗaka har lokaci ya ƙure. Ba jahilci kaɗai ke sa a bi waɗannan mutane ba. Su ne a kusa, suna karɓar biya kaɗan-kaɗan, kuma suna zama su saurari majinyaci.

MAGANI MAI ARAHA, AMMA BABU SHI

Abin da ya fi komai ban takaici shi ne sha'anin maganin zogi. Zafin ciwon daji da ya yi nisa ya fi ƙarfin farasitamol. Maganinsa shi ne mofin, wanda yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977. Ba shi da tsada. Garinsa ake jiƙawa a ruwa, majinyaci ya riƙa sha kowane sa'a huɗu, kuma in an bi ƙa'ida yakan sauƙaƙa wa mafi yawan majinyata har su yi barci, su ci abinci, su yi magana da iyalinsu.

Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ba da rahoto a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafiya talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin 100 na mofin ɗin da ake rarrabawa. Game da Nijeriya, rahoton ya nuna abin da ke shigowa bai kai miligiram ɗaya ga kowane majinyaci mai bukata ba a shekara, watau kimanin kashi 0.2 cikin 100 na abin da ake bukata. Kwamitin ya ce Dala miliyan 145 a shekara za ta isa a cike wannan giɓi a duniya baki ɗaya, in an saya a farashi mai rahusa.

Dalilan ƙarancin suna da yawa. Gwamnatin Tarayya ce ke shigo da wannan magani, kuma shekaru da dama asibitin da ke so sai ya tura ma'aikaci da takardu har babban ɗakin ajiyar magunguna da ke Oshodi a Legas. Likitoci da yawa ba a koya musu amfani da shi sosai ba, suna tsoronsa. Sa'an nan ga bala'in shaye-shaye. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na amfani da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan, miliyan 4.6 daga ciki kuma magungunan asibiti ne irin su tiramadol da kodin suke sha ba bisa ƙa'ida ba. A wannan shekara ce aka hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tsoron hukuma yana da dalili, Kano kuwa ta ɗanɗana kuɗarta a wannan fage. Amma sakamakon ya zama abin mamaki: a lungu ɗaya, matashi lafiyayye yana samun ƙwayar da zai bugu da ita cikin sauƙi, kakarsa da ke kwance tana murƙususu ba ta da hanyar samun cokali ɗaya na halal.

Ɗan abin da ake samu kuwa yana manyan asibitocin koyarwa ne. An buɗe sashen jinyar sassauci a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2007 bisa ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta, a shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana cikin waɗanda suka bi sahu a Arewa. A 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufa ta ƙasa kan wannan fanni. Amma daga takarda zuwa ɗakin majinyaci a Bachirawa akwai tafiya mai nisa, musamman ganin Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kimanin 55,000 ne suka rage a ƙasar, bayan wajen 16,000 sun fice cikin 'yan shekaru.

WAƊANDA SUKA GWADA SUKA GANI

Kada a ce sai ƙasa ta yi arziki tukuna. Yuganda ba ta fi Nijeriya wadata ba. A 1993 Dokta Anne Merriman, wadda ta yi aikin likita a kudu maso gabashin Nijeriya tana matashiya, ta kafa wata cibiyar jinyar sassauci a Kampala. Ta fara haɗa ruwan mofin da hannunta ana ɗurawa a robobin ruwan sha. Gwamnatin ƙasar ta karɓi abin, ta mai da maganin kyauta, kuma a 2004 ta yi wa doka gyara don nas-nas da mataimakan likitoci da suka sami horo na musamman su iya rubuta shi. Da haka magani ya bar jiran likita ya shiga ƙauyuka. Wannan baiwar Allah ta rasu a Kampala cikin 2025 tana da shekara 90.

Misali na biyu ya fi kusa da halin Kano. A Jihar Kerala ta Indiya, Dokta M. R. Rajagopal da Dokta Suresh Kumar sun fara wani ƙaramin asibitin rage zogi a birnin Kalikut a 1993. Da suka ga majinyata ba sa iya zuwa, sai aka juya tsarin. Daga wajen 2001 aka kafa shirin maƙwabta, inda mutanen unguwa da kansu ke gano masu doguwar jinya, su tara gudummawa 'yar kaɗan-kaɗan daga shaguna da gidaje da makarantu, 'yan sa-kai su riƙa kai ziyara, nas kuma ta zaga gida-gida da kayan aiki, likita na bayanta. Shirin ya fi yin ƙarfi a gundumar Malappuram, wadda galibin mutanenta Musulmi ne. A 2008 gwamnatin jihar ta mai da shi manufarta.

ABIN DA KE HANNU

Kano ba ta rasa kayan aikin irin wannan shiri ba. Jihar na da mazaɓu 484, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti mai aiki. Akwai makarantun da ke yaye malaman lafiya na matakin farko kowace shekara. Akwai masu unguwanni da dagatai da hakimai da suka san kowane gida. Akwai Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a 2003. Fiye da duka, akwai darasin yaƙi da shan inna, lokacin da mata 'yan sa-kai suka shiga kowane lungu da kowane soro, har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Nijeriya a 2020. Ƙafar da ta kai ɗigon rigakafi ƙuryar lungu za ta iya kai maganin zogi.

Abin da ake bukata ba gini ba ne. Na farko, mai unguwa da kwamitin lafiya na mazaɓa su riƙe sunayen masu doguwar jinya da ke kwance a gida. Na biyu, a horar da nas ɗaya ko biyu a kowane ƙaramin asibiti, a ware musu rana guda a mako ta zaga gidaje, su duba majinyata su koya wa masu jinya aiki. Na uku, a kawo ruwan mofin manyan asibitocin jiha ƙarƙashin kulle da rajista mai tsauri, yadda za a san inda kowace kwalba ta tafi. Na huɗu, duk majinyacin da za a sallama saboda ciwonsa ya gagara, a gaya wa iyalinsa gaskiya cikin hikima, a haɗa su da takarda zuwa asibitin unguwarsu. Na biyar, a sa wannan jinya cikin abubuwan da inshora da asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar 2014 ta kafa, za su riƙa biya.

Malamai ma suna da rawar takawa. Addini ya yi umurni da neman magani, ya kuma sanya duba marar lafiya cikin haƙƙoƙin da ke kan maƙwabci da ɗan'uwa. Rage wa mutum azaba bai saɓa wa haƙuri da ƙaddara ba. Hasali ma, wanda zogi ya sake shi shi ne ke iya yin salla cikin natsuwa, ya yi wasiyya, ya faɗi bashin da ke kansa, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa. Kwamitocin masallatai, da ƙungiyoyin matasa na unguwanni, da zumuntar mata a majami'un Sabon Gari, duk suna iya ware wani abu daga abin da suke tarawa don auduga da sabulu da kuɗin mota. Ɗaliban makarantun jinya da na likitanci kuwa, yini ɗaya a wata da za su ba unguwarsu zai amfane su ya amfani jama'a.

Unguwar da ke iya haɗa likkafani da makara da masu haƙa kabari cikin sa'a uku ba ta rasa zumunci ba, ba ta kuma rasa tsari ba. Abin da ta rasa shi ne nas mai zagawa, da kwalbar magani, da wanda zai nuna mata yadda za ta fara wannan hidima tun mai ita yana da rai. Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ban iska yake so. Wanda ya yi shekara arba'in yana tura kura ko yana dakon kaya a Kwari da Singa ya cancanci ya sami wannan ban iska a 'yan kwanakinsa na ƙarshe, daidai da wanda ke kwance a Nassarawa.